Rasuwar Malam Zubairu ta Biyu

Barikisu tana cikin zuba wa wani direban tirotiro, motar haya, waakye, wato shinkafa da wake, a ganye sai ga Lariba, mai yawan sayen abincinta, da wasu mata biyu sun shigo lungun, kowacce ta ja mayafi har goshi, suna tafe suna salati ƙasa-ƙasa. Lariba ta zo ta dafa mata kafaɗa.

"Mma Barikisu, sai haƙuri. Amma ya kike sayar da abinci gawa tana cikin gida?"

"Gawar wa?"

"Malam Zubairu mana. Tun da safe yake yawo a waya."

Ta miƙo mata wayar. Ga shi nan kuwa, hoton da ya ɗauka ranar Sallah da farar hula, an zagaye shi da baƙin layi, an rubuta Innalillahi a sama. Barikisu ta dubi hoton, ta ɗora wa direban ƙwai da ganda, ta ƙulle ganyen, sannan ta nuna musu ƙofa da ludayi.

"Ku shiga ku yi masa ta'aziyyar da kanku. Yana kan benci yana shan koko."

Yana nan ɗin kuwa, a tsakar gida kusa da famfo, ya ɗora kumburarrun ƙafafunsa a kan wani tsohon galan, kofi a hannu. Lariba ta ja da baya har ta taka bokitin wankin mutane.

"Ku ƙaraso," in ji Malam Zubairu. "Wa ya gaya muku?"

"A guruf ɗin WhatsApp muka gani, Malam."

"Wa ya sa a guruf ɗin?"

"Turowa aka yi."

"Shi mai turowar ya zo ya gani da idonsa?"

Ya kurɓi kokonsa, ya girgiza kai.

"Shekara bakwai ina gaya muku: ƙafa, ido, baki biyu. Ka je da ƙafarka, ka gani da idonka, ka ji daga ɓangare biyu. Ashe da bango nake magana. To ku zauna, tunda ku dai kun yi ƙafar."

Kafin azahar an yi ta zuwa, daga Nima, daga Alajo, har wani ɗan dako daga Tudu da ya bar aikinsa. Mai hayar kujerun roba ya iso da kujeru da rumfa a bayan babur mai ƙafa uku, ya tarar da mamacin yana aika a sayo masa ƙosai, ya juya yana ta masifa da yaren Twi. Lungun ya sha dariya ranar. Barikisu ce kaɗai ba ta yi ba, don ita shekara tara ke nan ba ta yi dariya a kan wani abu da ya shafi mutumin nan ba.

Gidan nasu a Maamobi yake, bayan babbar kwata, ɗaki goma sha ɗaya famfo ɗaya, kuma ƙofar ɗakinta tana kallon tasa. A da, ita take kai masa abinci kafin ya tafi aiki. Lokacin shi ne mai karanta labarun Hausa a wata tashar rediyo mallakin Onarabul Jamaluddeen, ɗan siyasar yankin. Yana da Hausa irin ta mahaifinsa da ya zo daga Damagaram, wadda ba ta haɗa mace da namiji wuri ɗaya kamar ta 'yan lungu. Abin da Malam Zubairu ya faɗa da yamma shi ne gaskiyar Zango, unguwannin masu jin Hausa, har gobe.

Sai aka yi rajistar masu zaɓe a wani filin makaranta, faɗa ya ɓarke, wani ya maka wa Husseini tela ƙarfe a ƙugu ta baya. Da yamma Barikisu tana wanke tukunya, rediyo a kan taga, ta ji muryar maƙwabcinta tana cewa Mutala bakanike, ɗan Barikisu mai waakye, shi ne ya yi dukan. Bai ce ana zargi ba, bai ce wai ba. An kuma ga Mutala da jini a riga, shi ke nan magana ta zauna. Dangin Husseini suka fito da sanduna, Mutala ya bi ta lungun baya da kayan aikinsa a jiki. Yanzu yana Lome, inda mota ke kai mutum cikin rabin yini, amma bai sake tako Maamobi ba. Ya yi aure can, ya haifi 'ya mace, Najat, da Barikisu ta sani a fuskar waya kawai. A unguwa kuma aka daina kiranta Maman Mutala, kamar sunan yana da ƙaya. Abin da take so a duniya guda ɗaya ne: ɗanta ya shigo lungun nan da rana tsaka, kansa a sama.

Bayan shekara biyu mulki ya juya, waɗanda suka hau suka rufe tashar da sunan takardun izini, kamar dai yadda su Onarabul suka yi wa wasu lokacin da suke sama. Malam Zubairu ya dawo gida da waya ɗaya a hannu. Da ita ya fara Labarun Lungu: murya ta minti bakwai kowace safiya, yana tura wa mutane ta WhatsApp. Wane famfo ne ya ƙafe, wace kwata aka yi bikin fara gyaranta sau uku ba a gyara ba, wa aka haifa, wa ya rasu. Babu mai tasha a kansa, babu mai miƙo masa takarda. 'Yan Zango na Hamburg da New York da shi suke karya kumallo.

Matsalar ita ce sabis ba ya shiga ɗakinsa, sai a kan bencin tsakar gida, dab da inda Barikisu take sauke tukunya. Ita kuwa da gangan, da zarar ta ji ya yi gyaran murya ya ce "Jama'ar Zango, barkanmu da safiya," sai ta ɗauki ludayin ƙarfe ta hau bakin tukunya, ƙwal, ƙwal, ƙwal, tana ƙwala wa masu saye kira kamar suna Kumasi. Shekara bakwai tana yi don ta ɓata masa aiki. Bai taɓa ce mata ta daina ba. Har ta kai masu zuwa daga Turai suna tambaya a nuna musu matar ludayin.

Ranar Juma'ar da ta wuce ne ya rufe shirinsa da wata magana da ta sa ludayin ya tsaya a sama. Ya ce mako mai zuwa zai gyara wani labari da ya karanta shekara tara da suka wuce. Bai faɗi wanne ba. Amma Onarabul Jamaluddeen ya sake fitowa takara, hotunansa sun cika bango, kuma yana da samari masu zama da wayoyi a hannu, aikinsu ke nan daga safe har yamma.

Saboda haka da yammacin Talatar nan, da Lariba ta dawo sayen abinci ta nuna mata saƙo na biyu, Barikisu ba ta yi mamaki ba. An rubuta cewa dattijon ya rasu tun ranar Lahadi, ana ɓoyewa ne, kuma duk muryar da aka ji daga yanzu na'ura ce ta haɗa ta don a ɓata sunan mutanen kirki.

"To mu da muka gan shi fa?" in ji Lariba.

"Ku nawa ne kuka gan shi? Su nawa ne suka ga wannan?"

Ranar Laraba da hantsi Basit ya zo, yaron Onarabul, mutum mai tumbi da makullan mota a yatsa. Ya shigo da kwalin madara da lemo, ya durƙusa gaban bencin har ƙasa.

"Baba, Onarabul ya ji abin da ake rubutawa, ransa ya ɓaci paa. Ya ce a kai ka asibitin kuɗi yau ɗin nan, ɗaki kai kaɗai, har da na'urar sanyi. Likita dai ya ce ba a shiga da waya. Sai ka ba ni in ajiye maka."

"Allah ya saka. Wane likita ne ya faɗa, tunda bai gan ni ba tukuna?"

Basit ya sosa ƙeya.

"Ka gaya wa Onarabul sau uku na kira shi, na kuma aika masa tambayata a rubuce. Ina jiran amsarsa har azahar ɗin gobe Alhamis. Abin da ya ce, haka zan sa shi, ba zan rage harafi ba. Madarar kuma ka kai wa masu jego."

Da Basit ya fita, gidan ya yi tsit, yara suna makaranta, maza sun tafi nema. Barikisu ta shigo ɗibar ruwa. Ta ga Malam Zubairu yana ƙoƙarin ɗaga wayar daidai fuskarsa, hannun yana rawa, wayar ta zame ta faɗi kan cinyarsa. Ya sake, ta sake faɗuwa. Ta kau da kai, ta buɗe famfo.

"Maman Mutala."

Ruwa ya cika bokitin ya fara zuba a kan ƙafarta, ba ta rufe ba. Shekara tara ba wanda ya kira ta haka, sai yau, kuma daga wannan bakin.

"Me ka ce?"

"Hannuna ya ƙi. Murya kaɗai ba za ta yi ba yanzu, sun riga sun kashe ta. Sai an ga fuskata. Ina roƙon ki riƙe mini wayar."

Ta rufe famfon, ta juyo ta kama ƙugu. Duk abin da ta tara ya taso mata lokaci ɗaya.

"Ni? Duk gidan nan ni ka gani? Ka ci abincina da safe, da yamma ka kore mini ɗa. Jikata ta yi haƙori, ta yi tafiya, ta shiga makaranta, ban taɓa goya ta ba. Sai yanzu da ka hango kabari kake neman mai riƙe maka waya?"

"Haka ne," in ji shi.

Ta so ya yi musu, wallahi ta so. Bai yi ba.

"Takarda aka miƙo mini saura minti biyar in shiga. Na san ƙarya ce, don ina filin. Na tuna 'ya'yana da aikina, na karanta. Bayan an rufe tashar ma ban gyara ba, kunya ta hana ni, na yi ta cewa gobe. Ba ni da wani uzuri bayan wannan." Ya tsaya ya ja numfashi. "Amma ba ke kaɗai nake bukata ba. Sai Husseini ya zauna a nan. Shi aka daka, shi ya fi kowa haƙƙin ji."

"To aika a kira shi."

"Na aika sau biyu. Ya ce ba ya shiga gidan da kike."

Barikisu ta dube shi, ta dubi ƙafafun nan da suka kumbura har fatar tana sheƙi. Ta yi tsaki mai ƙarfi. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta ce wa matar ɗakin ƙarshe ta kula mata da tukunya.

Shagon Husseini yana bakin titin Nima, tafiyar minti goma, amma shekara tara tana zagayawa ta wani lungu don kada ta wuce gabansa. Ta same shi a kan keken ɗinki, sandarsa jingine da bango, allura a baki. Da ya gan ta ƙafarsa ta tsaya a kan feda.

"Ban zo roƙo ba, Malam Husseini," in ji ta. "Mutumin da ya gaya maka ɗana ne ya dake ka yana mutuwa, kuma yana da magana. Ka gan shi da idonka ranar, Mutalan?"

Ya cire allurar daga baki. "Ta baya aka dake ni."

"To wa ya gaya maka?"

"Rediyo."

"Rediyon ce take kiranka. In ka ji ba ka gamsu ba, ka zage ni a gaban gidanmu, ba zan tanka ba."

Ya naɗe yadin da ke gabansa, ya ɗauki sanda. Suka taho tana gaba yana baya yana ɗingishi, masu shayi a bakin hanya suka bi su da kallo, kowa ya ajiye kofinsa.

Bayan la'asar aka yi abin. Malam Zubairu ya sa aka ɗauko masa farar hular nan ta cikin hoton mutuwarsa, da wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. Husseini ya zauna a gefensa a kan bencin, ya bar tazara tsakaninsu. Barikisu ta tsaya a gabansu da waya a hannu biyu.

Ya yi gyaran murya, sai ga muryar nan ta da ta dawo, a ƙasa amma a tsaye.

"Jama'ar Zango, yau Laraba. Ni ne Zubairu, wanda kuka zo wa ta'aziyya jiya kuka tarar yana shan koko. Ga Malam Husseini tela a gefena. Mai riƙe da waya Barikisu ce, Maman Mutala. Wannan gyara ne."

Ya faɗi ranar, ya faɗi filin, ya faɗi wanda ya miƙo masa takardar da kuma ofishin da ta fito. Sannan ya buɗe gwangwanin ya fito da ƙaramar na'urar ɗaukar murya da yake yawo da ita a lokacin, ya danna. Hayaniya ta cika tsakar gidan, ihu, ƙarar kujeru. Can sai wata murya ta saurayi ta fito sama da kowa: "Fatawu, ajiye ƙarfen nan! Fatawu, dattijo ne!" Sai ƙara, sai wani nishi mai tsawo. Sai muryar ta sake: "Ku kama mini ƙafafunsa, ku tare tasi."

Kowa a Maamobi ya san Abdul-Fatawu, ɗan yayar Onarabul. Amma ba sunan ne ya sa wayar ta karkace a hannun Barikisu ba. Muryar ɗanta ce, yana ɗan shekara ashirin da huɗu.

"Riƙe da kyau, Maman Mutala," in ji Malam Zubairu. "Kada ki yanke wa tela kai."

Husseini yana zaune kamar an dasa shi. Ya ɗago a hankali.

"Nishin nan nawa ne," ya ce. "Na tuna wani ya rungume ni a cikin mota yana cewa Baba kada ka rufe ido. Na yi ta tambaya wane ne, ba wanda ya gaya mini." Ya sa hannun riga ya share fuska. "Ashe jinina ne a rigarsa don ya ɗauke ni."

"Ni na karanta ƙaryar," in ji Malam Zubairu yana kallon wayar. "Mutala bai daki kowa ba. Na nemi jin ta bakin Onarabul Jamaluddeen, in ya amsa za ku ji. Ina neman afuwar Husseini, da Mutala, da mahaifiyarsa. Nan ne ƙarshen labarun."

Barikisu ta sauke wayar. "Ina ake dannawa ya tafi?"

"Ba yau ba. Na ba shi har azahar ɗin gobe."

"Shi ya ba ɗana har azahar? Minti biyar ka ba ɗana?"

"Ban ba shi ba. Abin da na hana ɗanki ke nan, kuma kin ga abin da ya haifar. Ba zan sake hana wani ba, ko da shi ne." Ya nuna wayar da ke hannunta. "Ta kwana wurinki, ɗakina ba shi da sakata. In azahar ta yi ban iya ba, ga inda za ki taɓa, zai je wa kowa. Ki yafe mini, Maman Mutala."

Ta soke wayar a ƙullin zaninta. "Sai ɗana ya taka lungun nan."

"Daidai ne," in ji shi.

Ranar Alhamis da safe bai fito benci ba. Wajen ƙarfe goma matar ɗakin ƙarshe ta kai masa koko ta fito da kofin a hannu tana salati. Barikisu ta shiga da kanta. Yana kwance ta gefen dama, hular tana kan matashi, fuskarsa kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Ta ja masa zane. Abin da ya ba ta mamaki shi ne kukan da ya ƙwace mata, don ba ta shirya masa ba.

Liman ya sanar a lasifikar masallaci cewa za a yi jana'iza bayan la'asar, amma lasifikar ba ta wuce lungu uku. Samarin gidan suka rubuta a guruf-guruf, sai ga amsoshi suna zubowa da hotunan dariya. Wani ya ce ya sake mutuwa ne? Wani ya ce a gaishe shi in ya gama kokon. Wasu kuma suka ce ai tun Lahadi ya mutu. Mai kujeru ya ce ko da kuɗi a hannu ba zai sake ɗaukar rumfa zuwa gidan nan ba. 'Ya'yansa biyu suna Tamale, su ma sai da suka kira sau uku suna tambaya ko da gaske ne. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, mutanen da ke ƙofar gida ba su cika sahu ɗaya ba. Husseini ne kawai ya iso da farin yadi a hamata, ya zauna a soro yana haɗa likkafani da hannu.

Lariba ta zo ta tsaya kusa da tukunya. "Mutumin da ya sanar da mutuwar kowa, a ɗauke shi da mutum bakwai? Ba wanda zai yarda, Mma. Mun ƙone ranar Talata."

Barikisu ta dubi ludayin da ke hannunta. Sai ta ɗauki tukunyar ta shiga tsakar gida, ta dire ta inda take dire ta kullum, ta zauna a kan bencin, inda sabis yake. Ta ciro wayar Malam Zubairu, ta danna wurin ɗaukar murya kamar yadda take yi wa Mutala. Ta ɗaga ludayin ta sauke shi a bakin tukunya. Ƙwal, ƙwal, ƙwal.

"Jama'ar Zango, kun san wannan ƙarar. Ni ce Barikisu mai waakye, shekara bakwai ina ɓata muku labarai. Kowa ya san ba na shiri da Malam Zubairu, ba zan yi ƙarya dominsa ba. Na shiga ɗakinsa da ƙafata, na gani da idona, liman ma ya gani, mu biyu ke nan. Allah ya yi masa rasuwa yau Alhamis da hantsi. Jana'iza bayan la'asar. Ya bar muku gyaran da ya yi alkawari, yana hannuna. Ya ba wani mutum lokaci har azahar, to sai azahar."

Ta tura muryarta ga kowa, gyaran kuwa ta bar shi sai azahar.

Ba a yi rabin awa ba wayar ta fara rawa a cinyarta ba tsayawa. Wata mata daga Hamburg ta turo murya tana kuka, tana cewa da ta ji ludayin ta san gaskiya ne. Mai kujeru ya iso ba wanda ya kira shi. Basit ma ya iso, yana gumi, bai ko yi wa masu makoki sallama ba.

"Mma, ka ba ni wayar Baba. Onarabul zai ɗauki hidimar komai, har addu'ar arba'in. Wurin sana'arka ma a bakin lungu, ka san ba kowa ake bari ba."

Barikisu ta san abin da yake nufi, don da tukunyar nan take ci. Wayar tana hannunta, yatsanta yana kan wurin tura gyaran. Da ta taɓa shi ke nan, ba mai iya dawo da shi, kuma babu wanda zai ga laifinta. Ta dubi inuwar bango, da sauran lokaci kafin azahar. Maimakon haka sai ta ɗaga wayar daidai fuskar Basit, hannu biyu, kamar jiya.

"Ka zo da amsar Onarabul? In ka zo da ita, faɗi, ina ɗauka. Malam ya ce ba za a rage harafi ba."

Basit ya dubi wayar, ya dubi mutanen da suka fara cika tsakar gida, ya dubi Husseini da ya fito soro da allura a hannu yana kallonsa. Ya fita waje yana buga waya, ana ganinsa ta ƙofa yana kai da kawo, yana magana da hannu. Ya daɗe. Da ya dawo sai ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Ya ce ba shi da abin cewa."

"To haka zan sa."

Ta faɗa a cikin wayar, kalma huɗu ko biyar, yadda ya faɗa. Ladan ya ɗaga murya da kiran sallar azahar. Ta jira ya kai ƙarshe, sannan ta taɓa, gyaran ya tafi.

Bayan la'asar sahu ya fita daga masallaci ya toshe titi, har direbobin tirotiro suka kashe mota suka shiga. Samarin Onarabul sun rubuta cewa na'ura ce, sun rubuta har suka gaji. Amma Husseini ya koma shagonsa ya zauna, duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ni ne a kan bencin. Zo ka taɓa ni ka ji ko na'ura ce." Washegari ƙannensa biyu, cikin waɗanda suka fito da sanduna a da, suka zo gaban tukunyar Barikisu suka cire takalma suka durƙusa. Ta ce su tashi suna tare wa masu saye hanya.

Ranar Asabar, ranar addu'ar uku, ta sauke tukunya da wuri kafin a fara shimfiɗa tabarmi. Tsakar gida ba kowa, sai famfo yana ɗiga, tsohon galan ɗin yana nan gaban benci inda ya bar shi. Wayarta ta yi ƙara. Muryar Mutala ce, da hayaniyar tasha a bayansa: "Mma, mun tsallake iyakar Aflao. Ni da Najat da mamanta. Najat ta ce wai kakarta ce mai ludayi."

Ta saurara sau biyu. Ta juya ta dubi bencin.

"Malam, ya tsallako," ta ce.

Ta ɗauki ganye uku ta zuba, ta ƙara ganda a na Mutala don yana so, ta ƙulle su ta jera a kan bencin, ta rufe da tire. Ta goge ludayin ta kwantar da shi a bakin tukunya a hankali, bai yi ƙara ba. Sannan ta ja kujerarta zuwa ƙofa, ta zauna inda take iya ganin bakin lungu.